Rufi Ya Hau, Magana Ta Sauko

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta lasifika ba ce. Akwai wata 'yar majami'ar Metodis a ƙasar Dutse, ba zan kama sunan unguwa ba balle in nuna layi, wadda shekarun baya kowa ya gama yi mata jana'iza a zuciyarsa. To, gawa ta yi atishawa. Yanzu ranar Lahadi sai an aro benci daga wurin mai shayin bakin titi. Sabon kwano ya hau, an shafa fenti, an ja katanga, ana shirin bikin keɓewa. Mai ba ni labari, wadda ke zama a layi na biyu cikin mawaƙa, kuma kunnenta ya fi muryarta kyau nesa ba kusa ba, ta ce kwamiti ya gama da maganar shinkafa da rumfa da ankon mata tun tuni. Abu ɗaya ne ya hana dattawa barci: ɗan allon dutsen nan da ake mannawa a jikin bango ranar keɓewa. Sunan wa za a sassaƙa?

Masu neman allon uku ne a fili. Na farko shi ne dattijon da kowa ke kira Baba Ma'aji, Bayarabe, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya, wanda a falonsa aka fara sujadar, kuma har gobe tsohon littafin rajista na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Na biyu wani attajiri ne Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, Oga kawai ake ce masa, wanda ya sauke bandir-bandir na kwano a harabar da rana tsaka, lokacin da ya tabbata mutane suna waje. Shi ba sunansa yake so ba, in ji shi, sunan marigayi mahaifinsa yake so, wanda bai taɓa taka ƙasar Jigawa ba. Ta uku ita ce Maman Zumunta, 'yar Idoma, tsohuwar unguwarzoma, wadda ta rantse ba ta neman komai don kanta, sunayen matan da suka riƙe wurin kawai take so a jera. Ta kawo jerin a rubuce. Ikon Allah, sunanta ne a sama, wai bin haruffa aka yi.

Kada ku yi saurin dariya. Sai kun san yadda Metodis ta iso nan kafin ku gane me ya sa dutse mai faɗin tire ke neman raba abokan shekara talatin.

Cocin nan tsohuwa ce a Nijeriya, har takan yi alfahari da cewa ita ce ta fari a cikin mishan-mishan na zamani. Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry ranar 24 ga Satumban 1842, daga nan aikin ya bi Abeokuta da Legas da sauran ƙasar Yarabawa. Wani reshen kuma ya shigo ta gabas daga tsibirin Fernando Po a 1893, ya bi ƙasar Ibibiyo da ta Ibo, ya kafa makarantar Uzuakoli, ya haura har ƙasar Idoma a shekarun 1920. Sai a 1962 cocin ta tsaya da ƙafarta, ta daina karɓar umarni daga Ingila. Ku duba wannan taswira da kyau, za ku ga masu neman allon nan uku a cikinta: Bayarabe, Ibo, Idoma. Kowa da kakan da yake tinƙaho da shi.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta cikin taswirar. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, saboda haka mishan ba ya shiga masarauta yadda ya ga dama. 'Yan CMS sun samu gindin zama a Zariya ta hannun Dokta Miller, daga baya suka koma Wusasa. 'Yan SIM, iyayen ECWA ta yau, ta ƙofar jinyar kutare suka shigo a shekarun 1930, suka riƙe Yadakunya kusa da Kano, suka buɗe tashoshi irin su Roni da Garun Gabas, waɗanda yau duk cikin Jigawa suke. Waɗannan su ne suka koyi Hausa, suka yi wa'azi da ita, suka yi waƙa da ita. Metodis ba ta zo da Bature mai hular kwano ba. A cikin akwatin akawu ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akawuna da masu ɗinki da ma'aikatan reluwe daga kudu suka sauka Sabon Gari da littafin waƙoƙinsu, suka tara junansu. Layin Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930 ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori, ya bar Dutse can gefe tana ta fama da duwatsunta da dabinonta. Inda babu tasha babu akawu, inda babu akawu babu Metodis.

Sai ranar 27 ga Agustan 1991, da Janar Babangida ya yanko Jigawa daga Kano ya ce Dutse ce babban birni. Nan take gari ya cika da baƙi: 'yan sanda, ma'aikatan banki, na wuta, na gidan waya, malaman asibiti, 'yan kwangila, da 'yan kasuwar da ke bin ƙurar duk waɗannan. Gidan haya ya yi wuya har wasu suka riƙa kwana Kano suna sammako. A cikin wannan ayari Baba Ma'aji ya zo. Ya ce Lahadin farko ya leƙa wata majami'a ya ji ana tsalle ana ihu, ya fito da sauri. Ya leƙa wata ya ji Hausa zalla, bai tsinci komai ba. Sai ya koma gida ya ture kujerun falo, ya kira mutum biyu-uku da ya ji suna rera irin waƙoƙin Metodis na Charles Wesley a ofis. Da haka aka fara. Rabaran yakan zo daga Kano jefi-jefi ya ba da Jibin Ubangiji ya yi baftisma, sauran Lahadi kuwa masu wa'azin sa-kai ne ke hawa bisa jadawali, yadda Metodis ta saba tun zamanin John Wesley da ya kafa ta.

Na taɓa ganin littafin rajistar nan da idona, ranar da Baba ya fito da shi don ya kashe bakin wani. Bangonsa baƙi, bakin takardun ja, gara ta ɗan ɗanɗana kusurwa ɗaya. Abin da ya ja hankalina shi ne layin ƙarshe na kowane shafi, inda ake rubuta abin da ya faru da mutum. An canja masa wurin aiki. An canja mata wurin aiki. Ya yi ritaya ya koma gida. Ta bi miji Abuja. Ka bi shafi bayan shafi, da ƙyar ka ga inda aka rubuta cewa wani ya rasu an binne shi a nan. Ko wanda ajali ya riska a Dutse, sai a yi karo-karo a ɗauki mota a kai gawa kudu. Majami'ar ta zama kamar tashar mota, kowa na zaune da jakarsa a kan cinya yana jiran a kira garinsu.

Wuri irin wannan, iska kaɗan ke kwashe shi. Lokacin da Gwamna Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa Haɗeja da Gumel da Kazaure da sauran garuruwa, 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka bi su, benci ya ragu. Da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, wasu suka tura mata da yara gida don su ga kamun ludayin abin, da yawa ba su dawo ba. Sai kuma Satumban 2006, wanda har yau manya ba sa son a tayar da shi a gaban yara: zargin ɓatanci da aka yi wa wata mata ya tayar da tarzoma a Dutse, aka ƙone majami'u fiye da goma, har da babbar majami'ar Angalikan ta St. Peter's. Ba zan faɗa muku ko tamu tana cikin waɗanda wutar ta taɓa ba, don in na faɗa na nuna ta da yatsa. Abin da zan ce shi ne, tsoro bai tambayi ɗarika ba. Rikicin bayan zaɓen 2011 da hare-haren Kano na Janairun 2012 suka ƙarasa abin da ya saura. Sule Lamido ya dawo da ma'aikatu Dutse, ya gina sakatariya, ya shimfiɗa tituna, gari ya yi kyau, amma majami'ar nan ba ta cika benci uku. Damina na zuwa sai a jera bokitai tsakanin kujeru, mai wa'azi na magana ruwa na amsa masa.

A nan ne aka yi zaman da ba a rubuta a littafin taro ba. Mai ba ni labari ta ce a ƙarƙashin darbejiya aka yi shi, bayan an tashi. Wani dattijo, wanda yanzu shi ya fi kowa ɗaga murya a maganar allo, ya kawo shawarar a rufe wurin a sayar, kowa ya nemi inda zai raɓa. Baba Ma'aji bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai riƙa goge tabarau. Maman Zumunta ce ta miƙe ta gyara ɗaurin zani.

"Baba, da girmanku, ku ba mu makulli. In kun gaji, mu ba mu gaji ba."

"Mama, da me za ku riƙe shi? Baikon Lahadi ko man babur ɗin Rabaran ba ya saya."

"Ku dai ba mu makulli."

Aka ba su, ana jiran a ga gudun ruwansu.

Abin da matan nan suka yi, su a ganinsu adashi ne. Rabaran ne daga baya ya gaya musu cewa sun tono tsohuwar dabarar gidansu ba su sani ba. A 1742, a birnin Bristol, bashin ginin ɗakin sujada ya sha kan mutanen Wesley. Wani kyaftin mai suna Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, a raba jama'a rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowane rukuni da mai zagayawa ya karɓa, in akwai wanda ba shi da shi, shi jagoran ya cike. Masu zagayawa karɓar kwabo suka fara dawowa da labari: wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, wance miji na dukanta. Wesley ya ga abin ya fi kuɗin amfani, ya mai da shi tsarin aji, wanda a kansa Metodis ta tsaya ta bazu duniya. Da tsohuwar zuma ake magani. Matan Dutse suka raba unguwanni a tsakaninsu, kowace da 'yar jakarta da ɗan littafi. Ba su tambayi kowa ɗarikarsa ba. Matar kurtun ɗan sanda da ta haihu ba ta da kowa, su suka dafa mata ruwan wanka. Malamin makaranta da albashi ya maƙale, su suka kai masa kwanon gero. Mai jinya da aka kwantar a Birnin Kudu, su suka yi jigilar abinci. Kuɗin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, amma ƙafa ta fara dawowa.

Sa'a kuma ta zo musu daga inda ba su zata ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta buɗe a 2011, ɗalibai da malamai suka fara shigowa daga ko'ina. Sansanin masu bautar ƙasa na Fanisau kuma kowane zango sai ya zubo sababbin fuskoki. Yaron da ya tashi a Metodis a Otukpo ko Umuahia ko Ilesha, uwarsa na kiransa a waya kowace Lahadi tana tambaya ko ya je sujada, dole ya nemi inda ake irin waƙar gidansu. Maman Zumunta ta gano sirrin ɗan bautar ƙasa tun da wuri: ciki. Tukunyar shinkafa bayan sujada ta yi aikin da taron farkawa na kwana bakwai bai yi ba. Wasu dattawa na gunaguni wai an mai da gidan Allah gidan abinci, amma an lura ba sa tafiya sai an sauke.

'Yan bautar ƙasar nan ne ma suka jawo ƙaramar girgizar ƙasa a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Kwanon baiko ya zaga ya dawo fayau. Wani yaro ya ɗauko kwali ya rubuta lambar asusun majami'a ya rataye a jikin bagade, kowa ya zaro waya. Baba Ma'aji ya ce shi bai yarda da baikon da ba a taɓa shi da hannu ba. Amma tun daga ranar, lissafi ya koma takardar banki da kowa zai iya karantawa, aka daina shiga ɗan ɗakin baya a rufe ƙofa a ƙirga. Ban ce an taɓa ɓatar da ko sisi ba, ku ji ni da kyau. Mutumin nan da aljihunsa ya sha biyan kuɗin wuta. Na dai ce makullin ɗakin baya ya rage daraja, kuma mai makulli ya ji a jikinsa.

Babbar rigimar dai ita ce ta Hausa. Matan da adashi ya jawo, yawancinsu matan 'yan sanda da sojoji ne da ƙananan ma'aikata daga kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Tangale da Tafawa Ɓalewa, ga kuma Masihiyawa, Hausawan asali, da suka shigo gari daga ƙauyuka neman aiki ko karatun yara. Waɗannan da Hausa suka san Allah. Littafi Mai Tsarki yana hannun kakanninsu da Hausa tun 1932. Suka ce a ba su sujada da harshen da suke mafarki da shi. Dattawa suka ce Metodis da Turanci aka san ta, da tsari, da tsohuwar ogan mai feda wadda Baba ya ɗauko a bayan mota tun daga Kano. Da aka matsa, sai suka yi wayo: an amince, amma sujadar Hausa sai ƙarfe goma sha biyu, bayan an gama ta Turanci. Wanda ya san Dutse a watan Afrilu, a ƙarƙashin tsohon kwano marar silin, ya san wannan amincewa da ƙi duk ɗaya ne.

Matan suka zo da tulu da caki da ganga da mafici. Kafin damina biyu, ta sha biyun ta fi ta safe cika. Abin da ya fi ƙona wa dattawa rai shi ne 'ya'yansu na cikinsu ne suka fara zamewa suna tsayawa ta biyu. Yaran nan a Dutse aka haife su, a nan suka yi firamare, da Hausa suke faɗa da ita suke shiryawa, Yarabancin ko Ibon da suke ji bai wuce na gaisuwa da na cin abinci ba. A wani zaman kwamiti, wata malamar makaranta, 'yar ɗaya daga cikin dattawan, ta nemi izinin magana.

"Baba, ku yi haƙuri in na yi rashin kunya. Ku kuna da garin da za ku koma, har kun gina gida a can. Mu ina za mu koma? A nan aka binne cibiyata."

An ce mahaifinta ya sunkuyar da kai, Oga ya yi tari, Rabaran ya ce a yi addu'a. Ni a ganina, duk maganar allo a bakin yarinyar nan take. Shekara talatin majami'ar ta masu wucewa ce, yanzu ta samu mutanen da ba su da niyyar tafiya ko'ina, kuma waɗanda suka kafa ta sun hango cewa nan gaba kaɗan ba mai tuna su in ba dutse ya tuna ba. Ba na ganin laifinsu. Amma in ana maganar wanda ya raya wurin, kwano bai zo ba sai da aka samu kawunan da zai rufe. Yanzu dai an yi sulhu: wata guda Hausa ta ɗauki safe, wata guda Turanci. Lahadin farko ta kowane wata a haɗu gaba ɗaya, ogan ta fara, tulu ya karɓe, Baba yana riƙe da littafin waƙa yana kallon silin, amma an kama ƙafarsa tana bin kiɗa a ƙarƙashin benci.

Wata 'yar ƙura kuma ta taso daga waje. A 2024 ne labari ya cika rediyo cewa Metodis ta dare biyu a Nijeriya, har an zubar da jini. Mai shayin da ake aron bencinsa, Musulmi ne, kuma ya fi sakataren majami'ar sanin yawan masu zuwa domin da kofi yake ƙirgawa, ya tare Rabaran da safe.

"Ranka ya daɗe, ashe ku ma kun rabu? Wane ɓangare kuke?"

Sai da Rabaran ya zauna ya warware masa. Waccan United Methodist ce, mai tushe a ƙasar Muri, Bambur da Jalingo da Karim Lamido, wadda ta fito daga aikin mishan na SUM kuma uwarta ke Amurka. Babban taronsu na duniya ya cire haramcin naɗa masu auren jinsi a watan Mayun 2024, Bishop John Wesley Yohanna ya fice da mutanensa zuwa Global Methodist a watan Yuli, waɗanda suka tsaya suka zaɓi Ande Emmanuel a Disamba, rikicin kadarori ya kai ga rasa rayuka a Munga Dosa. Ita kuwa ta Dutse reshen Methodist Church Nigeria ce, mai tushe a Ingila, ba ruwanta da waccan shari'a. Mai shayi ya gyaɗa kai ya ce to Allah ya kyauta, ya ƙara wa Rabaran madara. Sai dai kada 'yan gidanmu su cika ɗaga hanci. Baba Ma'aji da kansa yakan ba da labarin 1976, lokacin da Farfesa Bolaji Idowu ya kawo sabon tsarin mulki da bishop-bishop da manyan riguna, coci ta rabu gida biyu, aka yi ta kulle wa juna ƙofa ana zuwa kotu, ba a haɗe ba sai 1990 a zamanin Sunday Mbang. Tun kuma da aka zaɓi Oliver Ali Aba, ɗan jihar Binuwai, ya zama shugaban cocin na ƙasa a 2022, an lura ɗankwalin Maman Zumunta ya ƙara tsawo.

Yanzu ku ƙara matsowa, don wannan ko 'yan kwamiti ba duka suka sani ba. Akwai mai neman allo na huɗu.

Kun tuna Janairun 2017, lokacin da aka rushe majami'u biyu a Dutse, ta Redeemed da ta Lord's Chosen, hukuma ta ce an gina su ba izini, shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN kuma suka ce sun daɗe suna neman izinin ba a ba su ba? Tun daga ranar kowace ƙaramar majami'a a jihar nan ta koma ta buɗe akwati ta duba takardunta. Da aka buɗe na tamu sai aka ga abin da manya suka sani suka yi shiru: filin ba da sunan coci aka saye shi ba. A wancan zamani hanya mafi sauƙi ita ce wani ɗan ikilisiya ya saya da sunansa. Wanda ya saya ɗin ya yi ritaya, ya koma kudu, ya rasu. A takarda, sabon kwanon Oga da fentin mata da ogan ɗin Baba duk suna zaune ne a kan gadon wasu 'ya'ya da ba su san hanyar Dutse ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan yoyon ya fi na bokiti.

Rabaran ya ce wa jama'a zai je taron ma'aikata. Mai ba ni labari ta ce motar dare ya hau, da takarda a cikin jaka da ledar dabino ta tsaraba. Babban ɗan marigayin ya karɓe shi hannu biyu, ya ce ai sun san filin na Allah ne, ba za su ci ko taku ɗaya ba, zai sa hannu. Sharaɗi ɗaya kawai, ƙarami: a sa sunan babansu a jikin allo, a sama. Rabaran ya dawo da sa hannu, ya dawo kuma da alkawarin da bai gaya wa kowa ba sai matarsa, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya, a layi na biyu.

Zaman ƙarshe na kwamiti ya kai har aka kira isha'i a masallacin layin. Birkilan da ya yi aikin katanga, wani Malam daga cikin gari wanda ya gina rabin majami'un yankin kuma bai taɓa shiga ko ɗaya da takalmi ba, yana zaune a waje yana jiran a gaya masa girman ramin da zai bari a bango. Aka kira mai sassaƙa a Kano, ya ce da harafi yake caji. Aka lissafa jerin Maman Zumunta, aka ga kuɗinsa zai sayi taga biyu. Baba ya ce a sa waɗanda suka kafa kawai, Oga ya ce kafawa ba tare da rufi ba ai kango ne. Rabaran na zufa yana juya alkawarinsa a ciki. Can sai sakatare, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya tuna musu cewa a al'adar coci allon keɓewa sunan bishop ɗin da ya keɓe yake ɗauka, da kwanan wata, shi ke nan. Wato mutumin da bai taɓa kwana a garin ba shi zai cinye dutsen. An ce ɗakin ya yi tsit, sannan kowa ya amince da sauri, domin kowa ya fi son bishop ya samu da a ce abokin hamayyarsa ya samu.

Ba a gama ba fa. Yanzu ana jan zare a kan harshen da za a rubuta allon: matasa sun ce Hausa a sama Turanci a ƙasa, dattawa sun ce a juya. Rabaran ya shawo kan 'ya'yan marigayin da cewa ɗakin makarantar Lahadi da za a gina za a sa masa sunan babansu, ɗakin da ko tubali ɗaya ba a buga ba, kuma Baba Ma'aji ya riga ya sa rai da shi. Ga kuma ƙishin-ƙishin daga sama cewa sunan Rabaran ɗin yana cikin waɗanda za a ɗaga a canjin ma'aikata mai zuwa, don Metodis ba ta barin malami ya yi jijiya a wuri ɗaya tun zamanin Wesley. Tawaga biyu sun riga sun je Kano a ɓoye, ɗaya roƙon a bar shi, ɗaya roƙon a hanzarta, suka yi kiciɓis a tashar Shuwarin wajen dawowa, kowa ya ce asibiti ya je dubiya.

Ranar biki na jiran jadawalin bishop. Oga kuwa bai jira kowa ba: yaron shagonsa ya tsegunta wa mai shayi cewa maigidan ya ba wani mai walda aikin sabuwar ƙofar harabar majami'a, kyauta don Allah, kuma a jikin ƙarfen, daga sama, an riga an lanƙwasa haruffan sunan mahaifinsa.